Yatsu Biyu a Ƙarƙashin Dunduniya

Duk wanda ya taɓa kai wa Sai Gobe takalmi ya san ba fuskar mutum yake fara duba ba. Kafin ya gama amsa gaisuwa ya riga ya kifa takalmin a gwiwarsa yana shafa ƙasansa da babban yatsa, sai ya gama da takalmin sannan ya ɗago ya ga mai shi. Sunan kuwa bakinsa ne ya jawo masa. Ko igiyar sandal ce ta tsinke, ko ƙusa guda ce ta leƙo tana sukar mutum, amsar ɗaya ce: "Sai gobe." Shekara arba'in da 'yan kai yana faɗin haka a 'yar rumfarsa ta bakin titi, tsakanin mai faci da shagon sayar da magani, har ainihin sunansa ya ɓace. Jikokinsa ma Baba Sai Gobe suke ce masa, shi kuma yana amsawa.

Wajen mahaifinsa ya gaji sana'ar, tare da basilla mai ƙotar katako da ƙafar ƙarfen nan da ake kifa takalmi a kai a buga ƙusa. Bai yi nisa a makaranta ba, amma ƙasan takalmi kam karanta shi yake yi tiryan-tiryan. Ya san direba da cinyewar dunduniyar dama, ya san macen da ke saɓa yaro a kwankwaso ɗaya, ya san mai ciwon gwiwa tun kafin mai ciwon ya yarda yana da shi. Ga shi da tsokana. Wani ma'aikaci mai tumbi ya taɓa cika masa baki cewa kullum da ƙafa yake zuwa ofis saboda likita ya ce ya rage ƙiba. Sai Gobe ya juya takalmin ya ce, "To, ranka ya daɗe, sai dai takalmin nan ba a faɗa masa ba."

Wuri ɗaya ne wasa ke ƙare masa, takalmin yara. In mace ta miƙo masa takalmin ɗanta ya ga ƙafa ɗaya ta cinye ta wajen yatsu, dunduniya kuwa tana nan sabuwa fil, ba ya cewa sai gobe. Mayar mata yake yi, ya ce ba zai taɓa shi ba sai ta kai shi asibiti yadda yake, sashen gashin ƙashi, tare da yaron, a yau in da hali. Wasu su yi godiya, wasu su fusata. Wata ta taɓa ce masa, "Kai Baba, gyara na kawo maka ko duba? Kai likita ne?" Takalmin dai bai gyara ba. Mutanen layin suna ɗauka rigimar tsufa ce, amma ba ita ba ce, maganar Autarsa ce.

Auta ta zo duniya wata bakwai, 'yar mitsitsiya, kuma ta daɗe kafin ta yi kukan farko. Ta rayu, ta yi ƙiba, ta yi baki da wuri, tafiya ce kawai ta yi mata nawa, sai da ta kusa shekara biyu ta saki bango. Da ta fara takawa, ƙafar dama tana sauka sosai, ta hagu kuwa a kan yatsu take tafiya, kamar mai shirin juyi. Maƙwabta suka sa mata 'Yar Rawa, ana tafa mata tana dariya. Ummanta ce kaɗai ba ta dariya.

Shi kuwa uban ya riga kowa gani, domin takalmi ya faɗa masa. Da hannunsa ya ɗinka mata sandal ɗinta na farko da ragowar wata jar fata. Wata biyu kacal, gaban na hagu ya huje, dunduniyarsa kuwa ko ƙura ba ta ci ba. Ya ɗora yarinyar a kan bencinsa ya ce ta tsaya ƙyam, ya tura ɗan ƙaramin yatsansa a ƙarƙashin dunduniyarta. Da ƙyar kan yatsan ya shiga. Sai ya yi abin da kowane mai sana'ar hannu yake yi in ya ga teburi yana rawa, ya cike gurbin. Ya yanko soso mai tauri, ya fere shi ya yi masa gangare, ya manna a cikin takalmin, ya rufe da shimfiɗar fata yadda ba mai gani. Yarinya ta sa ta taka, rawar ta ragu. Ranar nan har rera waƙa yake yi yana buga ƙusa, yana ganin ya yi maganin abin da kansa.

Umma ba ta gamsu ba. Da Auta ta shekara uku da rabi ta tsaya kai da fata sai an je asibiti, ya bi su ba don ransa ya so ba.

Sashen yana can ƙarshen wata doguwar baranda mai bencina hagu da dama. Iyaye zazzaune, kowa da nasa: wani yaron a goye ya wuce goyo, wani a keken guragu, wani yana tura ƙarfe mai taya. Sai Gobe ya zauna ya sunkuyar da kai, sai dai mutum irinsa in ya sunkuyar da kai ƙafafu yake gani, don haka bai tsira da komai ba. Kusa da shi akwai wata yarinya 'yar kimanin shekara goma, ƙafafunta biyu cikin ƙarafa da maɗaurai har gwiwa. Da aka kira ta ta miƙe, ƙarafan suna ƙara a kan siminti, duk barandar ta bi ta da kallo. A ransa ya ce tasa 'yar ba irin waɗannan ba ce, ba kuma za a sa ta a cikinsu ba.

Ɗakin dubawar dogo ne, kusan babu komai a cikinsa. An shimfiɗa baƙar roba tun daga ƙofa har taga, ga madubi babba a bango, ga gadon duba marasa lafiya a lungu, sai wani faffaɗan tire cike da farar hoda. Likitar wata gajeriyar mace ce mai sauri, iyaye suna ce mata Likita Mai Hoda. Kujerarta ta fi kowace kujera hutu a asibitin nan, domin a durƙushe take wuni, gwiwoyin wandonta kullum fari fat. Aikinta shi ne kallon tafiya. Za ta sa a cire wa yaro takalmi, ya taka cikin hodar, ya bi baƙar robar har taga. Ta kalle shi ta gaba, ta koma ta baya, ta kwantar da kai kusan ƙasa ta kalle shi ta gefe. Wani lokacin ta rufe ido ta saurari saukar ƙafafun kawai. In ya gama ta ɗauko tef irin na tela ta auna sawun da ya bari: tsawon taku, faɗin da ke tsakanin ƙafafu, inda ya fara taɓa ƙasa da inda bai taɓa ba.

Auta ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi. Da aka taɓa maɗaurin takalminta ta tsala ihu ta ƙanƙame Ummanta. Likita ta yi lallashi, ta kawo 'yar tsana, ta tsoma nata hannun a hoda ta buga a ƙasa ta ce ga sawun kyanwa, duk a banza. Ta kama ƙafar za ta lanƙwasa, yarinya ta sandare gaba ɗaya, ba a gane taurin ciwo daga taurin rigima. Abin da aka samu kawai taku shida ne, da takalmi a ƙafa, daga hannun uwa zuwa hannun uba.

Likita ta miƙe tana kaɗe gwiwa. "Ba komai, haka suke yi min ran farko," ta ce. "Yaro yakan ƙi tafiya, amma takalminsa ya riga ya yi tafiyar. Ku kawo min wanda ta fi daɗewa tana sawa, yadda yake. Kar a wanke, kar a gyara. Baban yarinya, me kake yi ne?"

"Gyaran takalma."

Ta yi dariya. "Ashe abokin aiki ne. To ai ka san abin da nake nema."

Ya sani kuwa, ya ma fi ta sani.

Washegari da hantsi ya zazzage buhun takalman da masu su suka manta da su a rumfa. Ya yi ta tono har ya samu sandal ɗin wani yaro daidai girman na Auta, wanda ƙasansa ya cinye daidai wa daida, hagu da dama, irin cin yaro mai lafiya. Ya farke ƙasan takalman 'yarsa a hankali, ya ɗora wancan. Bai huda sabon rami ko ɗaya ba, tsofaffin ramukan ya bi. Zaren ma sai da ya murza shi a ƙasa ya shafe shi da baƙin mai don kar ya yi sabo. Ya ɓamɓare soson ciki, ya kankare gam ɗin, ya mayar da shimfiɗar. A duk shekarunsa na sana'a bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma abin takaicin ke nan. Tsofaffin ƙasan da ya cire ya jefa su cikin wani gwangwanin fenti da yake tara yankakkun roba, don mai gyaran takalmi ba ya zubar da komai.

Ya ce wa Umma ba sai sun kwashi jiki duka ba, tunda takalmi kawai ake nema. Ya tafi shi kaɗai. Likita ta karɓa ta juya, ta kai bakin taga, ta gwama biyun, ta shafa da yatsa yadda shi ma yake yi. Yana tsaye gumi na bin bayansa.

"Ikon Allah," ta ce. "Na yi zaton zan ga gaban na hagu ya cinye. To, wataƙila sabo ne, wasu yaran sukan yi tafiyar yatsu su daina. Amma ban ga ƙafarta a ƙasa ba, hankalina bai kwanta ba. Ka dawo min da ita bayan wata uku." Ta rubuta ranar a kati ta miƙa masa.

Katin ma gwangwanin fenti ya shiga. A gida ya kai rabin saƙo: likita ta ce sabo ne, za ta daina. Umma ta dube shi ta ce, "Haka ta ce?" Ya ce, "Da bakinta." Bai yi niyyar ƙin komawa har abada ba, gaskiya ce wannan. Cewa ya yi bari ta ƙara wayo, bari zafi ya wuce, bari a shiga makaranta tukuna. Mutumin da ya saba ce wa jama'a sai gobe bai sha wahalar faɗa wa kansa ba.

Shekaru suka yi ta tafiya, yarinya tana tsawo, soso yana kauri. Falle ɗaya ya koma biyu, biyu ya koma uku, har ya fara ɗaga bayan takalmin don soson ya samu wurin ɓuya. Duk wata shida ko bakwai gaban na hagu ya huje, ya farke ya sa sabo tun kafin Umma ta lura. Auta ta shiga makaranta, tana da kai, amma ba ta shiga tsere. In ta yi sauri hannun hagu yakan naɗe ya hau ƙirji ba da saninta ba, sai ta riƙe shi da na dama. Ba ta cire takalmi a gaban mutane, ko a tsakar gida da shi take yawo. Wani zubin Umma ta ce, "Ni fa ina ganin ƙafar nan ƙaruwa take yi." Ya ce, "Ke dai da sa ido. Kin fi likita sani ne?"

Abin da ya fi cin sa shi ne yarinyar tana ji da shi saboda takalman nan. Goggonta ta taɓa sayo mata wasu na kanti masu ƙyalli, ta sa su wuni ɗaya ta ajiye. Ta zo rumfa ta zauna a bencinsa tana lilo da ƙafa ta ce, "Baba, naka ne kaɗai ba sa min ciwo." Ya ji daɗi har cikin ransa. Sai bayan ta tafi ya kasa zura zare a basilla.

Tana shekara goma sha ɗaya gwiwa ta fara ciwo, baya ya biyo. Wata safiya a hanyar makaranta ta zauna a bakin kwalbati ta kasa tashi, sai mai shagon magani ne ya gan ta ya rako ta gida. Umma ba ta nemi shawara ba wannan karon. Ta ce, "Gobe za mu asibiti. In ka ga dama ka zo." Ya zo. Kuma da za su fita sai ya biya ta rumfa ya ɗauko gwangwanin fentin nan ya rungumo shi. Umma ta tambaye shi na mene ne, ya ce shi ma bai sani ba.

Barandar tana nan, bencinan suna nan. Likita Mai Hoda ta yi furfura ta sa tabarau, gwiwoyin wandon dai fari fat. Auta yanzu ta yi hankali, ita ta kwance maɗaurin da kanta, ta taka cikin tiren, ta bi baƙar robar har taga ta juyo. Babu wanda ke buƙatar karatun likita kafin ya karanta abin da ta bari. Sawun dama cikakke ne, dunduniya da tafi da yatsu biyar. Na hagu kuwa ɗan guntu ne, yatsu da abin da ke bayansu kaɗan, daga nan sai baƙar roba. Haka suka jeru tun daga ƙofa har taga, cikakke da guntu, cikakke da guntu.

Likita ta sa ta sake tafiya sau huɗu, ta ɗauke ta a waya, ta maimaita hoton a hankali tana nuna musu yadda gwiwar hagu ke turewa baya duk lokacin da nauyi ya hau ta, da yadda kwankwaso ke ɗagawa don yatsu su tsallake ƙasa. Ta kwantar da ita a gado, ta kama tafin ƙafar ta tura sama, da gwiwa a miƙe, da gwiwa a lanƙwashe. Ƙafa ko gezau. Ta auna ƙafafun biyu da tef, ta hagu ta gaza. Sannan ta ce yarinya ta tsaya ƙyam, ta tura hannunta a ƙarƙashin dunduniyar. Yatsu huɗu suka shige.

"Je ki bayan labulen can, akwai famfo, ki wanke ƙafarki," ta ce wa Auta. Da ta tafi, ta yi wa iyayen bayani da sauƙaƙan kalmomi. Asalin abin daga ƙwaƙwalwa ne, tun wajen haihuwa, kuma shi ba ya ƙaruwa. Amma yana sa naman sharaɓa ya riƙa ɗaurewa. Ƙashi yana tsawo, nama da jijiyar agara ba sa bin sa in ba ana miƙa su ba, har su gajarce su ƙage a haka.

Tana magana ta ɗauki takalmin hagu don ta duba ƙasansa. Ta ji nauyinsa, ta zura hannu, ta ɗaga shimfiɗar, ta zaro soson nan mai hawa huɗu. Ta dube shi, ta dubi Sai Gobe ta saman tabarau. Ta jawo tsohon fayil ɗin ta buɗe. "Ga rubutuna nan," ta ce. "Shekara takwas da suka wuce. Na rubuta ƙasan takalmi ya cinye daidai, hagu da dama."

Sai Gobe ya durƙusa ya ɓalle murfin gwangwanin, ya fara fito da su ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a kan baƙar robar, kusa da sawun hodar. Na hagu zalla, daga ƙarami zuwa babba, guda goma sha huɗu. Kowanne ya huje ta gaba, kowanne dunduniyarsa sabuwa. A ƙarshe ya ajiye katin, da ranar da aka rubuta a jiki.

"Wanda na kawo miki ba nata ba ne," ya ce. "Na ɗan wani ne. Ni na canza. Nata ga shi nan, ƙaramin."

Likita ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ɗauki ƙaramin ta daɗe tana juya shi. Bai ji tsoron faɗa ba, faɗan ma yake so, amma ba ta yi masa ba.

"Ciwon ba kai ka sa mata ba, wannan ka cire shi daga ranka," ta ce. "Amma da wannan na gani a ranar, da ban bar ku kun tafi ba. Da mun fara da miƙa ƙafa kullum, da ɗaurin siminti na 'yan makonni, da takalmin roba mai riƙe idon sawu. Ban ce da ta warke sarai ba, ba na yi wa kowa wannan alkawarin. Amma da muna da shekara takwas a hannunmu. Yanzu sai an yi mata aiki." Ta ajiye shi a hankali. "Ni ma da nawa laifin. Na yarda da takalmi, ban sa an nemo ku ba."

Sai da suka fito barandar, Auta tana gaba, sannan Umma ta ce masa ƙasa-ƙasa, ba tare da ta dube shi ba, "Shekara takwas ka bar ni ina zargin idona." Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya, kuma shi da ta yi ta tayarwa da ya fi masa sauƙi.

Aka yi aikin, aka ƙara wa jijiyar tsawo. Aka yi makonni a siminti, aka yi watanni ana zuwa ɗakin hoda, yarinya tana cije leɓe ana miƙa ƙafa. Sai Gobe ne ke goya ta daga bakin titi zuwa ƙarshen baranda, ya zauna a bencin da ya taɓa rantsewa 'yarsa ba za ta zauna ba, ya kuma gane cewa mutanen bencin nan ba kallon kowa suke yi ba, kowa ta nasa yake yi. Ciwon gwiwa ya lafa. Dunduniya ta sauko daga yatsu huɗu zuwa uku, zuwa biyu, sai ta tsaya. Ƙasusuwan tafin sun riga sun girma a karkace, ƙafar kuma ta riga ta gaza 'yar'uwarta. Ranar awon ƙarshe likita ta rubuta takarda ta buga mata hatimi: a ƙara wa takalmin hagu tudu ta dunduniya, ga kaurinsa, ga gangarensa, kuma haka za a riƙa yi mata muddin rai. Ta miƙa wa Sai Gobe ta ce, "Ban san wanda zai yi shi ya fi ka ba." Ba gatse take yi ba, shi ya sa maganar ta fi zafi. Abin da ya yi shekara takwas yana ɓoyewa a ƙarƙashin shimfiɗa, ga shi yau a takardar asibiti.

Auta yanzu malamar makaranta ce, tana koyar da 'yan aji biyu, tana da miji da 'ya'ya biyu masu gudu kamar a ɗaure su. Tana tafiya da ɗan ɗingishi, in ta daɗe a tsaye bayanta yakan riƙe. Sau biyu a shekara takan zo rumfa a sake mata takalmi, kuma ita kaɗai ce a duniya ba a ce wa sai gobe. Duk zuwan da za ta yi sai ya shirya zai faɗa mata, duk tafiyar da za ta yi sai ya ga bai faɗa ba.

Zuwanta na bayan nan da yamma ne, bayan an tashi daga makaranta, alli duk a hannun rigarta. Ta zauna a bencin, ta cire na hagu ta miƙa masa. Ya juya shi ya shafa. Hannunsa ya fara rawa a 'yan shekarun nan, ido ma ya rage, ya san ba sauran ɗinki da yawa a gabansa.

"Auta," ya ce, "akwai maganar da ban taɓa faɗa miki ba. Lokacin da kina ƙarama, likitar nan ta ce a kawo takalminki."

"Na sani, Baba."

Ya ɗago.

"Labule ne fa, ba bango ba," ta ce. "Famfon ma ban buɗe ba. Na ji lokacin da kake jera su a ƙasa, har na leƙa na ƙirga."

Mai faci yana can yana buga taya, motoci suna wucewa, shi kuwa ya rasa inda zai sa idonsa. Da ƙyar ya ce, "Shekara ashirin, ba ki taɓa cewa komai ba."

"Me zan ce? Na yi fushi, kar ka ɗauka ban yi ba. Ranar da aka cire simintin na ga ƙafar ba ta sauka duka ba, ko kallonka ban so yi ba. Har yanzu in yara suna tsere a filin makaranta wani lokacin yakan taso min." Ta kaɗe allin hannunta. "Amma kai ne ka goya ni duk watannin nan. Kuma wa zan kai wa takalmin? Duk masu gyaran garin nan 'yan kwaɓe ne."

Ta yi 'yar dariya don shi ma ya yi, bai iya ba. Ya so ta ce ba komai, ba ta ce ba, kuma ya san da ta faɗa da ƙarya ta yi.

"Auna, Baba, rana na faɗuwa," ta ce. "Kuma kar ka taɓa tsohon, ba ni abina yadda yake. Sabuwar likitar tana son gani."

Ta miƙe ta dafa kafaɗarsa ta tsaya ƙyam, ƙafa ba takalmi a kan kwalin da ya shimfiɗa mata. Takardar asibitin tana cikin akwatinsa da awonta a rubuce, amma bai taɓa buƙatar ta ba. Ya sunkuya ya tura hannunsa a ƙarƙashin dunduniyarta, yatsu biyu suka shige suka zauna daidai. Ranar da ya fara gwadawa, a kan wannan bencin, kan ɗan ƙaramin yatsansa ma da ƙyar ya shiga.